Baba ya ce kuɗin karatu na namiji ne

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni budurwa ce 'yar shekara 20, ina zaune da iyayena a Gadarif, a gabashin ƙasar Sudan. Ina cikin waɗanda yaƙi ya riƙe wa jarrabawar shahada, wato ta kammala sakandare, sai a Disambar 2024 muka samu muka rubuta. Allah ya taimake ni na ci, aka ba ni gurbin karatun jinya a wata jami'ar gwamnati da ke wani gari. Ƙanena mai bi mini shi ma ya rubuta tasa, amma makinsa bai kai ba, sai dai a biya masa gurbin kuɗi. Baba ya ce ƙarfinsa ba zai ɗauki mutum biyu ba, kuma namijin za a tura, don shi zai riƙe gida gobe, ni kuwa gidan wani za ni. Baba lebura ne a gonakin riɗi. Inna shayi da ƙosai take sayarwa a bakin kasuwa, ni ke taya ta tun ina ƙarama. Gidanmu cike yake da dangin da suka gudo daga garin Madani saboda yaƙin. Ɗan Baffana mai shago yana nemana da aure, ban ƙi shi ba, amma ya ce matarsa ba za ta kwana a asibiti ba. Ƙawata da na fi ta maki a jarrabawar tana Masar tana karatu, don babanta ɗan kasuwa ne. 'Yar Kawuna kuma shekara huɗu ke nan da gama jami'a babu aiki, ko'ina ta je sai a tambaye ta wa ya turo ta, kuma da ita Baba yake yi mini misali. Na fara jin haushin ƙanena, ko magana ba na son yi masa. Ba na so in saɓa wa Baba, amma in na tuna gurbin nan zai wuce ni sai barci ya gagare ni. Me zan yi?

Wata 'yarki daga Gadarif.

Wa alaikis salam 'yata. Barka da arziki, Allah ya sanya albarka a wannan sakamako. Na fara da barka ne domin na lura a duk wasiƙarki ba ki ambaci wanda ya yi miki ita ba. Yarinyar da ke tashi kafin asuba ta hura gawayi, ta wanke kofuna, ta jera kwalaben citta da kanumfari da kirfa, ta wuni tana miƙa shayi, sannan ta dawo gidan da babu inda za a shimfiɗa littafi saboda yawan baƙi, ta riƙe karatunta shekara ɗaya da rabi ba ta san ranar jarrabawa ba, ta kuma ci, wannan yarinya ta yi abin da manya da yawa ba za su iya ba. Rashin barcin da kike yi ba butulci ba ne. Abin da kika sha wuya a kansa ne kike gani zai kufce miki.

Mu fara da ƙaninki, don can ne ciwon ya fi saurin ruɓa. An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Yaron nan bai ƙwace miki komai ba, ɗora masa aka yi. Kin taɓa zama kin tambaye shi abin da shi yake so? Sau da yawa yaron da aka ce shi ne zai riƙe gida yana ɗauke da tsoron da ba ya iya faɗa wa kowa: ya san makinsa, ya san gumin da za a zuba a kansa, ya san idan ya faɗi garin duka zai ji. Wataƙila zuciyarsa na ga kanikanci ko wutar lantarki ko tuƙin raksha, wato keke mai ƙafa uku, wataƙila kuma jami'ar yake so da gaske. Ko wanne ne, kina bukatarsa a gefenki. Ki kai masa shayi da daddare, ki zauna kusa da shi, ki ce masa ke ba gaba kike da shi ba.

Baba kuma, ba zan ce miki yana da gaskiya ba, don ba shi da ita a nan. Amma ina so ki ga inda maganarsa ta fito. Mutumin da ya ƙare ƙarfinsa a gonar wani, wanda kuɗi mai kauri ba ya shiga hannunsa sai lokacin yankan riɗi, ya saba da lissafin wanda yake da harsashi ɗaya. Ba shi da fansho, ba shi da fili. Abin da yake gani a gabansa shi ne tsufa, kuma al'adar da ya tashi a ciki ta gaya masa ɗa namiji ne sandar tsufa. Kuma wannan talauci ba daga lalacinsa ya zo ba. Da aka buɗe babban aikin noman rani na Jazira a 1925, mafi yawan mutanenmu Hausawa ba su samu hawasha ba, wato gonar da ake ba manomi a cikin aikin, leburanci suka shiga, suka zauna a kambo, wato sansanin leburori, a gefen ƙauyuka, inda makaranta da asibiti suke zuwa a makare in ma sun zo. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna asalinsa na nan tun kafin 1898, alhali jama'ar da suka biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, sun taso ne daga Najeriya bayan yaƙin Burmi na 1903. An sassauta dokar daga baya, amma gidaje da yawa sun yi shekaru babu takardar da za a shiga makaranta ko a nemi aikin gwamnati da ita. Wanda kakansa bai yi boko ba, ubansa bai yi ba, ba shi da kawu a ofis, shi ne yau ake tambayar 'yarsa wa ya turo ta. Baba ya ga wannan da idonsa, shi ya sa takarda ba ta cika ba shi tabbaci ba.

Inda lissafinsa ya karkace shi ne nan. Ya ɗauka abu biyu ne masu nauyi ɗaya a kan sikeli, sai ya zaɓi namiji. Ba haka ba ne. Gurbinki da makinki kika same shi, ta hanyar karɓar ɗalibai ta gama-gari, kuɗin rajistarsa kaɗan ne in aka gwada da gurbin kuɗi, wanda ke ninka shi sau da yawa, kuma kowace shekara za a biya. Abin da zai ci kuɗi a wajenki shi ne mota da abinci da wurin kwana. Sannan naki yana da wa'adi, in ranar rajista ta wuce ya tafi. Na ƙaninki ba ya ruɓewa: yana iya sake zama jarrabawar baɗi ya gyara makinsa ya shiga da arha kamar yadda kika shiga, ko ya nemi difloma ta fasaha, ko koyon sana'a. Ashe ba zaɓi ne tsakanin ke da shi ba. Zaɓi ne tsakanin a jefar da abin da ke hannu a sayi mai tsada, ko a riƙe na hannu a ba yaron shekara guda ya ƙara shiri. Wannan ita ce maganar da nake so ta isa kunnen Baba, kuma da lambobi za ta isa, ba da kuka ba.

Akwai kuma wani abu da ba a faɗa a gidajenmu, ni kuwa zan faɗa. Da aka ce namiji ne zai riƙe gida, wa yake riƙe da naku yanzu? Kuɗin riɗi sau ɗaya yake zuwa a shekara, ana ganinsa, ana ƙirga shi, ana kiransa kuɗi. Na Inna kullum yake shigowa, kafin magariba ya zama gawayi da garin kisra, wato gurasar dawa, da sabulu da maganin yaro, don haka babu wanda yake kiransa komai. Tun da baƙin Madani suka sauka a ƙarshen 2023, na tabbata tukunyar ba ta sauka daga kan murhun shayin nan ba. Na san gidaje, ba ɗaya ba ba biyu ba, a Kassala da Sinnar, inda 'yar da aka ce ta gidan wani ce ita ke turo kuɗin magani ta manhajar banki ta Bankak duk wata, daga ɗakin mijinta. Ba gori nake yi wa maza ba, da yawansu suna iyakar ƙoƙarinsu a lokacin da aiki ya ƙare. Ina dai cewa karin maganar da Baba ya dogara da ita ba ta yi daidai da abin da ke faruwa a tsakar gidansa ba.

Batun ƙawarki da ke Masar, na san yana ci miki rai, kuma ba hassada ba ce. Ita ma mace ce kamar ke, amma babu wanda ya ce mata gidan wani za ta, domin a gidansu ba a kai ga zaɓe ba. Inda kuɗi ya wadata, 'ya mace da ɗa namiji duk sai su tafi. Inda ya gaza ne ake tuna wace ce mace. Kafin yaƙi, in kin shiga azuzuwan jami'o'in Khartum za ki ga 'yan mata sun kai samari yawa, a wasu fannonin ma sun fi su. Amma 'ya'yan wa? Ba kasafai za ki tarar da 'yar kambo ko 'yar mai shayi a cikinsu ba. Don haka kaya biyu kike ɗauke da su a lokaci guda, na talauci da na zama mace, kowanne yana ƙara wa ɗaya nauyi. Kada ki auna tafiyarki da tata, kuma kada ki yanke zumunci da ita. Littattafai da bayanan darasi da za ta iya turo miki ta waya suna da amfani.

Yanzu ga abin yi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Gobe-goben nan ki nemo ranar da za a rufe rajista da ainihin abin da za a biya, daga ofishin jami'ar ko daga ɗalibar da ke can, ba daga jita-jitar unguwa ba. Ki tambayi ɗakin kwanan ɗalibai mata, wato dakiliya, wanda asusun kula da ɗalibai na ƙasa yake gudanarwa, ki ji ko akwai wuri da abin da ake bukata. Ki tambayi kuma ƙa'idar dakatar da shekara, abin da suke kira tajmid, domin wanda ya yi rajista ya dakatar yana da kujerar da zai dawo wa, wanda bai yi ba kuwa ba shi da komai. Ki tabbata lambarki ta ƙasa da takardar haihuwa da sakamakonki suna wuri ɗaya cikin leda, da kwafinsu. Ki karɓi takardar shaidar halin gidanku daga kwamitin unguwa ki kai Diwanin Zakka na yankinku ki nemi tallafin ɗalibi. Layi ne mai tsawo a wannan zamani, mabukata sun yi yawa, ba na yi miki alkawarin za a samu, amma wanda bai kai takarda ba ba a san da shi ba. Bayan haka ki zauna ki rubuta komai a takarda ɗaya: kuɗin shekarar farko naki a gefe, na gurbin kuɗin ƙaninki a ɗaya gefen.

Da Inna za ki fara, ba da Baba ba. Ki zaɓi lokacin da kasuwa ta lafa kuna wanke kofuna. Ki sani tafiyarki ita za ta fi shafa, domin hannunta na dama za a cire, kuma mai yiwuwa shirun da take yi tsoron wannan ne, ba goyon bayan Baba ba. Kada ki je mata da buƙata kawai, ki je da mafita. A cikin 'yan matan da suka zo daga Madani babu wadda za ta karɓi wurinki a ba ta ɗan abin sabulu? In Inna tana zubin adashe, sanduk ɗin matan kasuwa, za a iya roƙon a ba ta kwasar farko saboda rajista? Mata sun saba yi wa juna irin wannan in aka gaya musu dalili. Ke ma in kin iya lalle ko kitso ko ɗinki, dakiliya kasuwa ce, 'yan mata ba sa rabuwa da su. Ki ce wa Inna hutu duk a wajen murhunta za ki yi shi.

Sannan a samu wanda Baba yake jin nauyinsa, Kawu ko limamin masallacinku ko wata babbar yayarsa, ya zauna da shi a keɓe, ba a gaban baƙi ba, don mutum ba ya sauka daga maganarsa a gaban jama'a. Kada a ce masa ya yi zalunci. A nuna masa takardar, a ce ga hanyar da yaran biyu za su samu. In mai maganar malami ne, ya san hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ji tsoron Allah a yi adalci tsakanin 'ya'ya. Ya kuma san Shehu Usmanu ya yi kakkausar magana a kan malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma 'yarsa Nana Asma'u ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Wannan gadonmu ne da kakanni suka taho da shi, ba baƙon abu ba ne. A nan Sudan ma, Babikir Badri da 'ya'yansa mata da na maƙwabta ya buɗe makarantar 'yan mata a Rufa'a a 1907, mutane suna ta surutu, daga wannan iri ne jami'ar Ahfad ta tsiro a Omdurman. Idan abin da ke damun Baba shi ne 'yarsa ta kwana a wani gari, wannan damuwa ce ta uba, a amsa ta da mutunci: ya raka ki da kansa ya ga dakiliyar, ya san mai kula da ita, a samu dangi ko wani dattijon Bahaushe a garin da zai zama idonsa.

Misalin 'yar Kawu kuwa, kada ki musa shi, gaskiya ne. Ana gama jami'a a zauna, kuma wanda ba shi da wasta, wato hanya ko uwa a gindin murhu, ya fi daɗewa a zaune, balle a ce mace ce, balle a ji sunan unguwarsu a ce Fallata, sunan da ake kiran masu asali daga Afirka ta Yamma irinmu. Na ga wannan, ya kuma taɓa ni. Amma fanni ya bambanta da fanni. Aikin ofis kujeru ne ƙididdigaggu, sanayya ke raba su. Jinya aikin hannu ne, kuma yaƙin nan ya kori ma'aikatan lafiya da yawa daga ƙasar, asibitocin gabas kuma sun cika da marasa lafiyar da suka gudo. Ba zan ɓoye miki ba, albashin gwamnati ya zube, yana kuma makara, aikin akwai tsayuwar dare da ganin abin da ke karya zuciya. Sai dai wadda ta iya sa allura da ƙarin ruwa da kula da mai naƙuda ba ta rasa mai nemanta, a asibitin gwamnati ko na kuɗi ko ƙungiyoyin agaji. Ga kuma abin da ke hannunki wanda 'yar ɗan kasuwa ba ta da shi: tsohuwar da ta zo daga ƙauye ba ta jin Larabci sosai, ko tana jin kunyar gaya wa namiji inda ke mata ciwo, ke za ta kama wa hannu ta yi wa bayani da Hausa. Ki gaya wa Baba wannan, ki ce ya tuna ranar da aka kai wata tasa asibiti.

Saura ɗan Baffa. Kin ce ba ki ƙi shi ba, kuma na ji daɗin yadda ya fito ya faɗi ra'ayinsa tun yanzu bai yaudare ki ba. Ki ɗauki maganarsa da gaske. Kada ki shiga da tunanin za ki canja shi bayan biki, mata da yawa sun shiga da wannan tunani, ciki na fari ya zo, karatu ya tafi ke nan. Ki aika masa ta bakin wanda ya dace, ko ki gaya masa da kanki cikin ladabi, cewa karatun nan kina sonsa, kuma aikin jinya babu yadda za a yi shi ba tare da kwanan asibiti ba, musamman a shekarun horo. Ki ji ko kishi ne, ko tsoron bakin mutane, ko bai san yadda aikin yake ba. In ya yarda ya jira, ko a ɗaura ki ci gaba, to a faɗi sharaɗin a gaban waliyyai da shaidu, a nemi ma'azun, wato mai rubuta takardar aure, ya rubuta shi, kada a bar shi a alkawarin zaure. In ya tsaya a kan bakansa, kin san abin da za ki zaɓa a kai, kuma shari'a ba ta yarda a aurar da ke ba tare da izininki ba. Aure da zumunci a haɗe suke a nan, don haka ko za ki ce a'a, ki bar manya su isar da ita yadda Baba da Baffa ba za su ɓata ba.

Idan duk an yi wannan kuɗin tafiya wani gari ya gagara, kada ki ce shi ke nan. Akwai makarantun horar da ma'aikatan lafiya na ma'aikatar lafiya a jihohi, waɗanda ake kira akadimiyya, suna koyar da jinya da ungozoma, ki bincika ta jiharku, kina kwana a gida kina zuwa. Aikin ungozoma a ƙasar nan tsohon aiki ne mai daraja, makarantarsa ta farko tun 1921 aka buɗe ta a Omdurman, kuma matan da suka fara shiga yawancinsu ko karatu ba su iya ba. Akwai kuma Buɗaɗɗiyar Jami'ar Sudan ga wanda zai yi karatu yana sana'a, ko da yake ba jinya za ki samu a can ba. Waɗannan ba su kai abin da kika ci da makinki ba, shi ya sa nake so ki fara yin iyakar ƙoƙarinki a kan gurbin da ke hannu. Abin da ba na so shi ne ki gudu daga gida, ko ki karɓi kuɗi daga hannun namijin da zai ce zai ɗauki nauyinki a ɓoye. Irin wannan taimako bashi ne da ake biya da abin da ya fi kuɗi.

Ki ci abinci, ki samu barci, ki yi istihara. Ki ci gaba da gaida Baba da safe kamar yadda kika saba ko da zuciyarki na tafasa, domin ranar da Kawu zai zauna da shi, fuskar da kika nuna masa a makon nan za ta yi magana tare da takardar. In kin samo ranar rufe rajista da adadin kuɗin, ki sake rubuto mini, ki gaya mini kuma abin da ƙaninki ya ce.

Gwaggonki.